Igiyar Maikirowef da Ƙwaƙwalwar Dabba: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Ja a Kai

Ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki. Kowace ƙwayar jijiya da ke cikinta, ta mutum ce ko ta ɓera, tana riƙe da ɗan bambancin caji tsakanin cikinta da wajenta, kimanin milibolt 70. Idan za ta aika saƙo sai ta buɗe wasu ƙananan ƙofofi a fatarta, sodiyam ya kwararo ciki, fotasiyam ya fita, cajin ya juye na ɗan lokacin da bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Tunani da motsi da barci da tuna hanyar gida duk daga wannan ƙyaftawa suke fitowa. Don haka wanda ya tambaya ko igiyar maikirowef, wadda ita ma ’yar gidan lantarki ce, tana iya taɓa wannan aiki, bai yi tambayar banza ba. Masana sun shafe fiye da shekara 60 suna yin ta. Da yake ba a buɗe kan ɗan Adam don gwaji, dabbobi ne suka ɗauki nauyin amsar: ɓeraye, birai, kyanwoyi, ’yan tsaki, har da matsattsaku da halittun teku.

Maikirowef dangin igiyar rediyo ce, sai dai ta fi ta saurin kaɗawa. Tana farawa daga kaɗawa miliyan 300 a daƙiƙa, wato megahaz 300, ta kai har gigahaz 300. Wayar GSM tana aiki a megahaz 900 da 1800, tandun ɗumama abinci a gigahaz 2.45, na’urar rada mai hangen jirage ita ma a wannan zango take. Ta sha bamban da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, domin wancan yana da ƙarfin tsinka sinadarai a cikin ƙwayar halitta, ita kuwa ba ta da shi. Saurinta ma ya fi ƙarfin ƙofofin ƙwayar jijiya. Kamar mutum ne ya kama ƙatuwar ƙofar zaure yana turawa yana jawowa sau biliyan a daƙiƙa: ƙofar ba za ta buɗe ba, ba za ta rufe ba, sai dai wurin da take juyawa ya ɗauki ɗumi. Abin da ke amsa wannan sauri shi ne ruwa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwaƙwalwa ruwa ne. Ƙwayoyin ruwan sukan yi ta jujjuyawa suna bin igiyar, jujjuyawar ta zama zafi.

A kan zafi babu gardama ko kaɗan. A wasu ɗakunan bincike ma da maikirowef ake kashe ɓera idan ana son a ga sinadaran ƙwaƙwalwarsa yadda suke a lokacin da yake raye: a tattara ƙarfin kilowat da dama a kansa, cikin kimanin daƙiƙa ɗaya ƙwaƙwalwar ta yi zafin da zai tsayar da duk wani aikin sinadari cak. Wannan shi ne ƙarshen sikelin. Abin da ya fi amfani shi ne sanin inda illar ke farawa, kuma an neme shi ta hanya mai sauƙin fahimta. A shekarun 1970 da 1980, John de Lorge na rundunar sojan ruwan Amurka da wasu irinsa sun horar da ɓeraye da birai su riƙa danna wani maɓalli don samun abinci, sannan aka riƙa haska musu igiyar ana ƙara ƙarfinta sannu a hankali. Dabba mai jin yunwa ba ta barin aikin abinci haka kawai. Amma da zarar jikinta ya soma shan kimanin wat 4 a kowane kilo, zafin jiki ya hau da kusan digiri 1, sai ta sassauta, ta daina dannawa, ɓera ya koma lasar jikinsa don ya huce. An maimaita wannan a dabbobi iri-iri, a zangon igiya iri-iri, sakamakon yana dawowa kusa da wuri ɗaya. A kansa aka gina ƙa’idojin da ƙasashe da dama ke bi a yau: aka raba wat 4 ɗin gida 10 aka ba ma’aikata 0.4, aka raba shi gida 50 aka ba jama’a 0.08. Wayar da ake karawa a kunne kuwa an yanka mata wat 2 a kilo a Turai, 1.6 a Amurka, bisa lissafin ɗan yankin naman da ya fi kusa da ita.

Akwai abu na biyu da ya tabbata, kuma shi ne ya fi ban mamaki. Tun lokacin yaƙin duniya na biyu masu aiki kusa da rada suke cewa suna jin wani ƙas-ƙas ko zuza a cikin kansu, aka ɗauka zancen banza ne. A 1961 da 1962 wani masani Ba’amurke, Allan Frey, ya nuna cewa da gaske ne: idan aka yanka igiyar gunduwa-gunduwa aka harba, mutum yakan ji ta, ko da ya toshe kunne. Nan take wasu suka ce to ga shi, maikirowef tana magana da ƙwaƙwalwa kai tsaye. Dabbobi ne suka warware maganar. A 1974 wasu masana biyu, Taylor da Ashleman, sun sa na’ura a ƙwaƙwalwar kyanwa, suka ga sashen ji yana amsa kowace harbawa. Da suka lalata sashen kunne na can ciki mai siffar katantanwa, amsar ta ɓace ɗungum. Chou da Guy da abokan aikinsu a Seattle sun auna motsin wannan sashe a ɓeran Masar suka ga yana girgiza yadda yake yi wa sauti. A shekarar 1974 ɗin dai Foster da Finch suka bayyana dalili: kowace harbawa tana ɗumama naman kai da ’yan kashi kaɗan cikin miliyan na digiri ɗaya, amma da yake cikin ƙiftawar ido abin ke faruwa, naman yakan ɗan kumbura farat ɗaya, kumburin ya zama girgiza, girgizar ta bi ƙashi ta isa kunne. Ashe ji ne na yau da kullum, ta wata ƙofa dabam.

Ina ganin wannan labari ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna abu biyu a lokaci guda. Waɗanda suka ce ƙarya ne ba su yi daidai ba, tunda abin yana faruwa. Waɗanda suka ce wani ɓoyayyen ƙarfi ne su ma ba su yi daidai ba, tunda zafi ne, zafin da babu ma’aunin da zai iya kama shi. Duk wanda zai ce ya ga tasirin da “ba na zafi ba ne” sai ya fara tsallake wannan siratsi.

Gardamar kanta ta samo asali daga yaƙin cacar baka. Masanan Tarayyar Sobiyet sun daɗe suna rubuta cewa igiya marar ƙarfi tana canza zanen lantarkin ƙwaƙwalwar zomaye da ɓeraye, tana kuma sa ma’aikata ciwon kai da kasala. Saboda haka iyakar da suka sa wa ma’aikatansu ta yi ƙasa da ta Amurka har sau 1,000. Da Amurkawa suka gano cewa tun 1953 ana haska ofishin jakadancinsu na Mosko da maikirowef, sai suka buɗe wani bincike na sirri mai suna Pandora a tsakiyar shekarun 1960, suka yi ta haska birai suna duba ko halinsu zai sauya. Ba su samu abin kamawa ba. Binciken da Abraham Lilienfeld na Jami’ar Johns Hopkins ya fitar a 1978 kan lafiyar ma’aikatan ofishin shi ma bai gano illa ba. Amma an riga an zuba kuɗi a fagen, kuma daga cikin kuɗin ne gwaje-gwajen da har yanzu ake ja a kansu suka fito.

A 1975 Suzanne Bawin da Ross Adey a Kalifoniya sun ciro ƙwaƙwalwar ’yan tsaki, suka jiƙa ta da kalsiyam mai alama, suka haska mata igiyar rediyo ta megahaz 147 wadda ake ɗagawa ana saukewa a hankali. Suka ce kalsiyam ya fi fita daga naman idan ana ɗagawar sau 16 a daƙiƙa, wato kusa da saurin kaɗawar ƙwaƙwalwa ita kanta, kuma idan aka yi ƙasa ko sama da haka sosai abin yakan ɓace. Kalsiyam ba ƙaramin abu ba ne, shi ne ke sa ƙwayar jijiya ta saki saƙonta zuwa ga maƙwabciyarta. Carl Blackman na hukumar kare muhalli ta Amurka ya samu makamancin haka, ya ƙara da cewa akwai wasu “tagogi” na ƙarfi: a wani mataki a ga tasiri, a ƙara kaɗan ya ɓace, a sake ƙarawa ya dawo. Wasu ɗakunan bincike sun gwada ba su gani ba. Ga kuma matsalar cewa ƙwaƙwalwar da aka ciro aka ajiye a kwalba nama ne mai mutuwa, ba a san ko kalsiyam ɗin daga cikin ƙwayoyin yake fitowa ba ko daga samansu kawai.

Henry Lai na Jami’ar Washington da ke Seattle ya bi ta hanyar hali. Ya yi amfani da wani akwati mai lunguna 12 da suka fita daga tsakiya, a ƙarshen kowane lungu an ajiye ɗan abinci. Ɓera mai lafiya yakan koyi kada ya koma lungun da ya riga ya cinye, ya shiga wannan, ya fito, ya ɗan tsaya yana shinshina, ya zaɓi sabo. A rahotonsa na 1994, ɓerayen da aka haska da gigahaz 2.45 na minti 45 kafin kowane gwaji, a ƙarfin wat 0.6 a kilo, sun fi sauran komawa lungun da babu komai. Lai ya danganta haka da raguwar aikin asetilkolin, sinadarin da ke da hannu a tuna abubuwa. Shekara ɗaya bayan haka shi da Narendra Singh suka ce sun ga tsinkewar zaren DNA a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye bayan awa 2 na haskawa. Wannan ya tayar da ƙura matuƙa. Amma a 2004 ƙungiyoyi biyu, ta Cassel a Strasbourg ta Faransa da ta Cobb a Texas, suka maimaita gwajin lungunan, ɓerayensu ba su manta komai ba. Masu bincike a St. Louis su ma sun nemi tsinkewar DNA ɗin ba su samu ba.

Gwajin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne na Leif Salford, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Jami’ar Lund ta Suwidin. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai wani shinge, bangon ƙananan jijiyoyin jini ne da ya haɗe ƙam, yana barin sukari da iskar shaƙa su wuce, yana hana manyan sinadarai. Tun 1975 Frey ya ce ya ga rini ya ratsa wannan shinge a ɓerayen da aka haska. A 2003 Salford ya ɗauki ɓeraye 32, ya raba su gida huɗu, ya haska uku da igiyar GSM na awa 2 a ƙarfin da bai kai iyakar doka ba, ya bar su kwana 50, sannan ya yanka ƙwaƙwalwar ya duba. Ya ce ya ga sinadarin albumin ya tsiyayo daga jini, ya kuma ga ƙwayoyin jijiya da suka ƙanƙance suka yi duhu. Hotunan suna da ban tsoro, kuma da hujja aka ɗauke su da muhimmanci. Sai dai masu nazarin naman ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa irin waɗannan ƙwayoyi masu duhu suna iya bayyana idan aka taɓa ko aka matsa ƙwaƙwalwar kafin maganin daskarar da ita ya gama kama ta. A 2009 ƙungiyoyi uku, a Faransa da Japan da Amurka, suka fitar da sakamakon maimaita gwajin da ƙarin ɓeraye da ƙarin kiyayewa. Babu wadda ta ga abin da Salford ya gani. An san cewa shingen yana buɗewa idan ƙwaƙwalwa ta yi zafi sosai. Ƙasa da haka, maganar ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Me ya sa ake ta samun wannan saɓani? Ba lallai sai wani ya yi ƙarya ba. Gwajin ne ke da wuya fiye da yadda ake zato. Tsawon igiyar gigahaz 2.45 kusan santimita 12 ne, daidai da tsawon ƙaramin ɓera, don haka jikinsa yakan zuƙe ta fiye da yadda jikin mutum zai yi, kuma ko juya kansa ya yi adadin da yake sha ya canza. Idan aka ce a cusa shi a bututu don kada ya motsa, tsoro da takura kaɗai sun isa su canza sinadaran ƙwaƙwalwarsa. Idan aka soka siririyar wayar ƙarfe don a saurari ƙwayar jijiya, wayar takan zama eriya ta tara zafi a bakinta, daidai inda ake aunawa. Wani sanannen gwaji da aka yi a Ingila a 2001 kan yankan ƙwaƙwalwar ɓera a megahaz 700 a nan ya tuntsure, domin daga baya an gano ɗumamar bakin wayar ce ta kawo canjin. Ƙwayar jijiya kuwa ko ɗan ɓurɓushin digiri ya isa ya sauya saurin harbinta. Sannan ga igiyar da aka yanka gunduwa-gunduwa: ɓera yana jin ta a kunnensa, kuma dabbar da ke jin ƙara a cikin kanta ba abin mamaki ba ne ta rikice.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda bai kamata a rufe shi ba. A 2007 Anke Huss da abokan aikinta a Suwizalan sun duba gwaje-gwaje 59 kan wayar salula, suka ga waɗanda kamfanoni kaɗai suka ɗauki nauyinsu su ne suka fi ƙarancin ba da rahoton tasiri. Mai shakka yana da dalilin shakkarsa. Amma ta ɗaya gefen, mujallu sun fi son buga “an gani” a kan “ba a gani ba”, kuma an lura cewa gwajin da aka yi sakaci wajen auna ƙarfin igiyarsa ya fi yawan samun tasiri.

Duk da haka ba zan ce an rufe littafi ba, domin akwai ayyukan baya-bayan nan da aka yi da tsanaki. A Bordeaux an rena ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera a kan faranti mai ɗauke da ƙananan masu sauraro, har suka haɗa zare da juna suka soma harbi tare, su yi shiru, su sake ɓarkewa. Da aka haska musu megahaz 1800, sai ɓarkewar ta ragu, da aka kashe ta dawo. Rahoton 2013 ya nuna raguwar kusan kashi 30 cikin 100 a ƙarfin wat 3.2 a kilo, na 2018 kuma ya nuna cewa raguwar tana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin igiyar. A Kalifoniya an gwada gigahaz 60 a kan jijiyar matsattsaku a 2014, aka ga harbin ya ragu, alhali ɗumama ruwan da take ciki ƙara shi yake yi. Waɗannan sakamako ne na gaske da ke neman bayani. Wataƙila yadda maikirowef ke shigar da zafi, da sauri kuma ba daidai ko’ina ba, ya bambanta da ɗumin ruwa. Wataƙila akwai wani abu dabam. Amma a lura da ƙarfin da aka yi amfani da shi, a kuma lura cewa canjin da ke gushewa da an kashe na’ura ba ɗaya yake da lalacewa ba. Har ma akwai gwajin Gary Arendash a Florida a 2010 da ya ce igiyar waya ta inganta tunanin ɓeraye masu cutar mantuwa. Wanda zai karɓi kowane rahoton illa ido rufe, sai ya karɓi wannan ma.

Sankara wata tambaya ce dabam, amma ba a raba ta da wannan a bakin jama’a. A 2011 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa igiyar rediyo a rukunin 2B, wato mai yiwuwa, hujja ba ta cika ba. A 2018 shirin NTP na gwamnatin Amurka ya fitar da sakamakon gwajin da aka haska ɓeraye awa 9 a kullum har shekara 2, duk jikinsu, a ƙarfin da ya kai wat 6 a kilo. An ga ƙari a jijiyar zuciyar maza, da ɗan ƙari a ƙwaƙwalwarsu. Ba a ga hujja mai ƙarfi a mata ba, kuma mazan da aka haska sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai. Sakamako ne da ya kamata a bi sawunsa, ba a yi watsi da shi ba, ba kuma a mai da shi abin tsoratar da mutane ba.

Mu a nan, tun da layukan GSM suka shigo Najeriya a 2001 ake tsoron ƙarfen sabis da aka kafa kusa da gidaje, kuma a 2020 an yi ta yaɗa cewa 5G ce ta kawo korona, alhali sai a Disambar 2021 aka sayar da lasisinta a ƙasar. Abin da ya kamata a sani shi ne, abin da ke isowa ƙasa daga ƙarfen sabis kaɗan ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aune-aunen da aka yi sun nuna tsakanin kashi 0.002 zuwa 2 cikin 100 na iyakar da aka sa. Wayar da ke manne da kunne ta fi shi ba kai igiya nesa ba kusa ba, kuma takan ƙara ƙarfinta ne idan sabis ya yi rauni. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, ya buɗe lasifika ko ya sa abin kunne. Ɗan nisan nan yana rage abin da kai ke sha matuƙa, kuma ba ya cin ko kobo.

Hukuncina shi ne: maikirowef tana canza aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar dabba idan ta yi ƙarfin da za ta ɗumama su, ko ta girgiza kunne. Ƙasa da haka, an sha ganin abubuwa, amma kaɗan ne suka jure wa hannu na biyu. Abin da ke damuna shi ne irin gwajin da ya yawaita a jami’o’i da dama, har da namu: a rataya waya a kejin ɓeraye, a yi ta kiranta, bayan ’yan makonni a yanka su a ce an ga illa. Ba a san yawan igiyar da kowane ɓera ya sha ba, ba a auna zafi ba, ba a raba tasirin ƙarar waya da haskenta da ɗumin batirinta ba, kuma mai duba naman ya san wanne aka haska. An kashe dabba, an ɓata shekarar ɗalibi, an ƙara wa jama’a fargaba. Ina roƙon malamanmu na sashen nazarin jikin ɗan Adam da na likitan dabbobi su haɗa kai da injiniyoyin lantarki tun kafin a sayo ɓeran farko: a auna ƙarfin igiyar, a sa ma’aunin zafi marar ƙarfe, a ware rukunin da za a sa a keji iri ɗaya da waya a kashe, a kuma ɓoye wa mai dubawa sunan rukuni har sai ya gama ƙirga.